Masu kewar zafi a Abha, mu yi hattara da kaskon gawayi da gangaren Tihama

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana da 'yan uwanmu Hausawa mazauna tsaunukan kudancin Saudiyya, wato Abha da Khamis Mushait da Namas da Baha, har da danginsu na Makka da Jidda da na gida waɗanda ke tura musu baƙi da 'ya'ya hutu.

Lokacin zafin bana, wanda a nan ake kira saif, ya zo ya wuce ba tare da jikin mutanenmu ya ɗumama ba. Gajimare ya yi ta rufe gari tun daga azahar, ruwa na sauka da la'asar, wani lokaci har da ƙanƙara, hazo ya kwanta a kan titi har mutum bai ganin motar da ke gabansa. A majalisa da wurin suna da bayan sallar isha'i magana ɗaya ake ji: an yi kewar zafi. Tsofaffi na cewa gwiwa ta ƙi sakin su, mata na kukan wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba, ƙullun waina ya ƙi tashi. Wanda ke Makka yana fama da zafin da ya haura digiri 43 zai ji abin kamar shagwaɓa, amma jikin da ya tashi a Kano ko Zinder ko Jidda yana da haƙƙin ya nemi rana. Damuwarmu ita ce hanyoyi biyu da aka fi bi wajen kashe wannan kewa, wato shigar da gawayi ɗaki da kuma sauka Tihama, ƙasar gangare mai zafi da ke bakin Bahar Maliya, ba shiri, domin dukansu suna cin rai.

Sanyin nan na tudu ne. Abha tana bisa tsayin da ya haura mita 2,200 daga matakin teku, Dutsen Suda kuwa yana wajen mita 3,000. Jos da ake yi wa kirari da sanyi a gida ba ta wuce wajen mita 1,200 ba, kuma ƙololuwar Najeriya gaba ɗaya, Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419 ce. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da aka hau zafin iska na raguwa da kamar digiri 6 da rabi, don haka tsakanin Jizan da ke bakin teku da Abha akwai tazarar da kan kai digiri 14 a rana ɗaya, alhali tafiyar ba ta wuce kilomita 200 ba. Iska mai laima na tasowa daga Bahar Maliya, ta ci karo da bangon tsaunukan Sarawat, ta hau, ta yi sanyi, ta zama gajimare. Shekarar da wannan iska ta yawaita rana ba ta samun damar gasa bango da rufin gida. Abin da ya biyo baya shi ne a shiga hunturu da bango mai sanyi da danshi, kuma galibin gidajen hayar da mutanenmu ke zaune bulo ne da siminti kawai, babu abin tare sanyi a cikinsu.

To, ga maganar gawayi, wadda ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami. A ƙauyukanmu na gida ana kwana da kaskon wuta a ɗaki tun kaka da kakanni, kuma da yawa sun tsira, saboda ɗakin na jinka ne, ƙofar asabari ce ko zana, iska na shiga ta ko'ina. Ɗakin Abha daban ne: tagar alminiyom mai roba a gefe, ƙofa mai kama bango ƙam, wani ma ya cusa tsumma a ƙasanta don kada sanyi ya shigo. Gawayi idan yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba yana fitar da wata guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce ai an bar gawayin a waje ya gama hayaƙi, ya yi ja jawur, sannan aka shigo da shi. Jan garwashin nan da babu hayaƙi yana ci gaba da fitar da gubar har ya zama toka. Idan ta shiga huhu tana kama jini da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200, sai jinin ya riƙa zagaya jiki ba ya ɗauke da abin da ƙwaƙwalwa da zuciya ke buƙata.

Alamar farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abin da kowa zai ɗauka mura ce ko gajiyar aiki, ya sha farasitamol ya ja bargo. Abin lura shi ne idan duk mutanen ɗaki ɗaya suka kamu da ciwon kai lokaci guda, kuma wanda ya fita waje ya ji sauƙi, to ba mura ba ce. Wanda ke barci ba ya jin ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu. Mun fi jin tsoro ga ɗakin mai jego, inda iyayenmu mata, cikin ƙauna da bin al'ada, ke son ɗakin ya yi ɗumi sosai, ga jariri kwance kusa da kasko. Jariri da mai juna biyu da tsoho mai ciwon zuciya su ne gubar ke fara kayarwa. Muna roƙon su Hajiya da su Inna, don Allah a yi ruwan zafin jego a banɗaki yadda aka saba, a ɗumama ɗaki da lantarki, a bar gawayi a tsakar gida ko saman bene. Ko turaren wuta ne, ƙwayar gawayi ɗaya ta isa, a buɗe taga, kuma a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Idan aka tarar da mutum ya galabaita a irin wannan ɗaki, a fara wangale ƙofa da taga, mai shiga ya riƙe numfashinsa, ya jawo shi waje, a kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a lamba 997. Idan yana numfashi a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa. Gubar tana cikin jini, ba a ciki take ba, kuma wanda ya suma abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi asibiti a faɗa musu ƙarara cewa gawayi ne. Dalili biyu ne. A iskar waje sai an yi awa huɗu zuwa biyar kafin rabin gubar ya fita daga jini, amma da oksijin zalla na asibiti abin kan dawo wajen awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Na biyu, 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa ba ta bambance jinin da ke ɗauke da guba da mai lafiya, tana iya nuna 98 alhali mutum na cikin haɗari. Mun san akwai waɗanda matsalar takardu ke sa su nauyin kiran motar asibiti. 'Yan uwa, takarda ana gyara ta daga baya, minti goma na jinkiri a nan kuwa ba ya dawowa.

Abin da ya kamata a ɗumama ɗaki da shi yana nan rataye a bangon gidaje da yawa ba a sani ba. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, irin na bango, wanda aka rubuta masa har wa barid, yana yin zafi kamar yadda yake yin sanyi. A duba rimot, a nemi alamar rana, a sa shi a 22 ko 23, a yi haƙuri na 'yan mintuna domin ba ya fara hurawa nan take. A sanyi irin na Abha yana ba da ɗumi kusan ninki uku na wutar da ya sha. Ga lissafin: daffaya, wato hitar ɗumama ɗaki, mai ƙarfin wat 2,000 idan ta yi awa 8 ta sha kilowat-awa 16. Kuɗin wutar gida halala 18 ne (halala 100 ce riyal ɗaya) kan kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, don haka riyal 2.88 ke nan a dare, wajen riyal 86 a wata, da harajin kashi 15 cikin ɗari ya kusa riyal 100. Mukayyif zai ba da wannan ɗumin da abin da bai wuce riyal 35 zuwa 40 ba. A wanke rariyarsa duk bayan mako biyu, in ba haka ba ƙura ta toshe iska ya riƙa aiki ba amfani.

Wanda ba shi da irin wannan mukayyif ya sayi daffayar lantarki mai haƙarƙari, wadda ke da mai rufe a cikinta, maimakon mai jan waya da ke ƙona duk abin da ya matso. A nan ma akwai inda ake yin ɓarna. Daffayar wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9 a wutar bolt 230, soket ɗaya kuwa amfiya 13 ne iyakarsa. Idan aka haɗa daffaya biyu a kan tausila ɗaya, wato wayar ƙari mai soket da yawa, ko daffaya da butar shayi, an kai amfiya 17 ko fiye, wayar ta yi zafi a ƙarƙashin kafet, roba ta narke, wuta ta tashi cikin dare. A sa kowace daffaya kai tsaye a soket ɗin bango, bayan rabin awa a taɓa kan fulogin, in ya yi zafin da hannu ba ya jurewa a kashe a kira mai gyara. A bar tazarar mita ɗaya tsakaninta da labule da katifa, kuma kada a shanya mata kayan jariri. Lambar Difa'ul Madani, hukumar kashe gobara da agajin gaggawa, 998 ce. Ba sai ɗaki ya zama tanda ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce digiri 18 ne mafi ƙarancin ɗumin da ya dace da ɗakin zama, a ƙara kaɗan in da tsoho ko mara lafiya. Sakkani kuma, wato tankin lantarki mai dafa ruwan wanka, a tsayar da shi a digiri 60, a tabbata bawul ɗin da ke sakin matsi bai toshe da tsatsa ba, domin idan ma'aunin zafinsa ya lalace wannan bawul ne kaɗai ke hana tankin fashewa.

Danshi shi ne abokin tafiyar sanyin bana. Baƙin tabon da ke fitowa a kusurwar ɗaki da bayan kabad fumfuna ce, kuma tana tayar da asma da tarin yara. Tana zuwa ne idan tururin numfashi da girki da wanki ya sauka a kan bango mai sanyi. Wanki ɗaya da aka shanya a ɗaki na iya sakin ruwa wajen lita 2 a iska, daffayar kananzir kuma kusan lita ɗaya ta ruwa take fitarwa kan kowace litar da ta ƙona, ban da nata haɗarin na guba. A buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna na minti goma da hantsi, lokacin da hazo ya ɗaga, a janye kabad da katifa taƙi ɗaya daga bango. Inda fumfuna ta riga ta fito a goge da kofi ɗaya na bilic a ruwa lita 4, taga a buɗe, da safar hannu. Kada a kuskura a gauraya bilic da maganin wanke masai mai asid, iskar da ke tashi daga haɗin tana ƙona huhu.

Kukan da mata ke yi a kicin ma yana da dalili. A tsayin Abha ruwa na tafasa ne a wajen digiri 92 zuwa 93, ba 100 ba, shi ya sa wake da ganda da naman kai ke cin gas ba su nuna ba, kuma ƙara wuta ba ya ƙara wa ruwan zafi, sai dai ya ƙone da wuri. A jiƙa wake tun dare, a dafa a tukunya mai murfin matsi. Ƙullun waina da na funkaso yis ne ke tashinsu, shi kuwa yis yana son ɗumin wajen digiri 30. A kwaɓa da ruwa mai ɗumin jiki, a rufe, a sa robar cikin oben da ba a kunna ba tare da kwanon ruwan zafi a gefe. Kindirmo ya fi son ɗumi, wajen digiri 42, sai a zuba shi a kula a naɗe da bargo ya kwana.

Akwai waɗanda tudun nan ya fi takura wa fiye da kowa, su ne masu amosanin jini. Iskar Abha ta fi ta bakin teku sirantaka, oksijin da ke shiga huhu a numfashi ɗaya kusan kashi uku ne cikin huɗu na abin da ake samu a Jidda. Ƙarancin oksijin da sanyi da ƙarancin ruwa a jiki, su ukun nan ne ke tayar da ciwon sikila, kuma a nan suna haɗuwa, tunda mutum ba ya jin ƙishi cikin sanyi. Iyalan Makka da Jidda da ke turo yaro mai sikila hutun makaranta wai ya sha iska, su fara tuntuɓar likitansa. In ya zo, a riƙa tuna masa shan ruwa, a rufe masa hannu da ƙafa, kada ya yi wasan guje-guje a kwanakin farko, kada a hau da shi Suda. Ciwo mai tsanani a hagu ƙarƙashin haƙarƙari alamar saifa ce, kuma ko mai AS yakan gamu da shi a kan tudu, duk da ba kasafai ba. Wannan, ko zazzaɓi, ko ciwon ƙirji, asibiti ake nufa a daren.

Sai maganar sauka. Mutanen Asir, lardin da Abha take, da kansu sun saba gangarawa Tihama neman ɗumi, zuwa Muhayil da Rijal Alma da Darb da Shuƙaiƙ, kuma mu ma ba laifi mu bi sahu. Amma akabar nan, wato titin da ke gangarowa daga tsauni, ko ta Dala'a mai zuwa Darb da Jizan, ko ta Sha'ar mai zuwa Muhayil, ko ta Samma'a da ke sauka daga Suda, tana sauke mota kusan mita 2,000 cikin lanƙwasa bayan lanƙwasa. Direban da ya saba da miƙaƙƙen titin Makka zuwa Jidda yakan ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa. Birki juya gudu yake zuwa zafi. Man birki na DOT 3 sabo yana tafasa a digiri 205, amma yana shan laima daga iska, kuma wanda ya tsufa na iya tafasa tun a 140. Da ya tafasa sai kumfa ta cika bututu, a taka feda ta tafi ƙasa fayau babu kamu. Maganin shi ne a canza man birki duk shekara biyu, a duba takalmin birki kafin tafiya, a sauka da giya ta biyu, mai otomatik ya sa a 2 ko L, injin ya riƙe motar. A taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci a saki, maimakon a riƙa shafa shi ba ɗagawa. Sauka a firi don tattalin fetur ganganci ne. In an ji ƙauri ko feda ta fara laushi, a tsaya a wurin da aka tanada a gefe, a jira rabin awa, kada a watsa wa faifan ruwa domin zai lanƙwashe.

Lokacin tafiya ma a zaɓe shi. Hadarin tsauni da rana yake haɗuwa, don haka a sauka da sassafe bayan hazo ya ɗaga, a duba gargaɗin cibiyar hasashen yanayi ta ƙasa, kuma in jami'an hanya sun rufe akaba kada a nemi ɓarauniyar hanya. Cikin hazo ƙaramar fitila ake kunnawa, babbar tana dawowa ido. Abin da baƙo bai sani ba shi ne kwarin Tihama na iya cika da ruwa alhali sama tana tas a inda yake tsaye, saboda ruwan a kan tsauni ya sauka. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 30 ba yana ɗaga ƙaramar mota, na santimita 60 kuwa har jif yana tafiya da ita. Kada a shimfiɗa tabarma ko a kafa tanti a cikin kwari komai kyawun inuwarsa, kuma ƙetare kwari yana gudana laifi ne mai tarar da ke kaiwa riyal 10,000.

Zafin da ake kewar ma ba abin wasa ba ne, kada gudun gara ya kai mu ga zago. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukuma ta sanar da rasuwar mahajjata 1,301. Ba banza ba ake hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Jikin da ya yi watanni a Abha ya manta da yadda ake zufa sosai, sai ya yi mako ɗaya zuwa biyu kafin ya sake sabawa, ga zafin Jizan mai laima ne, zufa ba ta bushewa balle ta sanyaya jiki. A kwanakin farko a zauna a inuwa da tsakar rana, a sha ruwa kafin ƙishi. Wanda jiri da ciwon mara suka kama, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara sambatu ko ya rikice kuwa, a jiƙa shi da ruwan sanyi ana yi masa fifita har motar asibiti ta iso. Sauron da ba a gani a Abha yana nan a Tihama, har da mai yaɗa zazzaɓin dengi da ke cizo da rana, don haka gidan sauro da man shafawa su shiga jaka, musamman in da yara.

Shawararmu ga mai son ɗumin Tihama ita ce ya jira daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da Abha ke kwana a ƙasa da digiri 10, bakin teku kuwa rana na tsayawa wajen 30, dare ya yi daɗin zama a waje. Kafin nan a gwada mukayyif a gefen zafi, a gyara soket, a canza man birki. Muna kuma roƙon limamanmu da shugabannin al'umma a Abha da Khamis su yi wa jama'a bayanin gawayi da Hausa a wuraren suna da ɗaurin aure, domin gargaɗin da Difa'ul Madani ke yi duk hunturu da Larabci yake fita, kuma da yawa cikin iyayenmu mata da sababbin zuwa ba ya isa kunnensu.

Wassalam.

Daga wasu 'yan uwanku ma'aikatan lantarki, jinya da tuƙi,
Abha da Khamis Mushait, Saudiyya.